Ɗan Kallo da Mai Shaida: Tarbiyya da Imani a Wasan Kwaikwayo Bisa Ma'aunin Golmo da Uhola na Ƙasar Zuru

Gabatarwa

Tun daga lokacin da aka fara koyar da wasan kwaikwayo a matsayin fanni mai zaman kansa a jami'o'in Nijeriya, akwai wata magana da ta zama kamar karatun allo a bakin manazarta, watau cewa wasan kwaikwayon Afirka rumbu ne na kyawawan al'adu da tarbiyya da imanin gargajiya. Ɗalibi yakan buɗe kundinsa da ita ya kuma rufe da ita, a tsakani kuwa sai ya jero halaye irin su kunya da biyayya da haƙuri da riƙon amana, ya kawo wa kowanne misali ɗaya daga littafi, shi ke nan an yi nazari. Maganar ba ƙarya ba ce. Sai dai yawan maimaita ta ya sa an daina tambayar ta wace ƙofa tarbiyyar take shiga cikin wasa, da kuma abin da yake samun imani idan aka ɗora shi a kan dandamali. Manufar wannan maƙala ita ce a sake ɗaga waɗannan tambayoyi biyu, a kuma auna rubutattun wasannin Hausa da wani ma'auni da ba a saba auna su da shi ba, watau al'adar Golmo da bikin Uhola na mutanen ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi.

Dalilin zaɓen Zuru shi ne irin mai karatun da ake samu a can. Yaron da ya tashi a Rikoto, ɗaya daga cikin unguwannin garin Zuru, yana jin Hausa kamar kowane ɗan birni, domin da ita ake ciniki a kasuwa, ana kuma yin wa'azi da ita a masallaci da majami'a. Idan ya ɗauki darasin Hausa a sakandare, wasannin da za a ba shi ya karanta su ne waɗanda ake bai wa ɗan Kano da ɗan Katsina. Amma mai yiwuwa ne kakansa bai sami kakarsa ba sai da ya yi shekara bakwai yana noma a gonar surukinsa. Wannan yaro yana riƙe da ma'auni biyu a hannunsa, wanda manazarcin da bai taɓa fita daga ƙasar Hausa ba yake da ɗaya kawai.

Golmo da Uhola

Mutanen da Hausawa suke kira Dakarkari suna kiran kansu Lelna, harshensu kuwa C'lela. Ana danganta sunan da Hausawa suka ba su da kalmar dakaru, bisa zancen baka da yake cewa sun yi wa Kanta na Kabi aikin yaƙi a ƙasa. P. G. Harris ya yi rubutu a kansu a 1938, sannan a 1990 A. R. Augi da S. U. Lawal suka shirya littafi a kan tarihin mutanen masarautar Zuru. Abin da ya shafi wannan nazari daga cikin al'adunsu shi ne hanyar da saurayi yake bi ya zama magidanci.

Golmo aikin gona ne da saurayi yake yi wa mahaifin yarinyar da aka yi masa baiko da ita, kuma bisa al'ada shekara bakwai ake yi. Ba shi kaɗai yake yi ba. Samari sa'o'in juna sukan haɗu ƙungiya guda, su yi ta zagayawa gonakin surukan junansu, saboda haka raggon da ya yi nawa ba surukinsa kaɗai zai gan shi ba, abokansa ma za su gani, su ne kuma za su ɗauki nauyin kunyar da ya bari. Uhola kuwa biki ne na godiya bayan an kawar da amfanin gona, kowane gari da nasa, kuma a cikinsa ne ake fito da waɗanda suka kammala Golmo a bainar jama'a, da kiɗa da rawa da kokawa. A bayan duk waɗannan akwai imani da magabata da ƙungiyar asiri ta maza da ake kira M'gila, wadda a da take da hannu wajen horon samari da tsare dokokin gari. Har kaburbura ma suna faɗar abin da al'ummar take girmamawa, domin tukwanen ado da mata suke ginawa ana ɗora su ne a kan kabarin mutumin da ya yi fice, kamar shugaba ko shahararren maharbi ko gwanin kokawa.

In an lura, babu wani wuri a cikin wannan tsari da wani yake tsayawa ya yi wa samari lacca a kan haƙuri. Haƙurin yana cikin shekara bakwai ɗin. Ranar Uhola, abin da jama'a suke gani a fili shi ne mutumin da suka san gonar da ya nome da damunar da ya sha, suka san ranar da ya yi ciwo bai fasa fita ba. Rawar da yake yi ba ta koya musu komai sabo. Sun zo ne su tabbatar da abin da suka riga suka sani, yadda shaidu suke halartar ɗaurin aure.

Wasa ne ko ba wasa ba?

Wannan tambaya ta daɗe tana raba kan masana. A littafin da Yemi Ogunbiyi ya shirya a 1981 a kan wasan kwaikwayo a Nijeriya, M. J. C. Echeruo ya tafi a kan cewa bukukuwan ibada na Ibo ba su kai matsayin wasan kwaikwayo ba, domin labarin da ke cikinsu bai sami sakewar da zai zama zubi mai tafiya da kansa ba. Ossie Enekwe ya mayar masa da martani da cewa awon Girkawa ne ya ɗauko ya auna kayan Afirka da shi. A cikin littafin dai Andrew Horn ya duba bori, ya nuna cewa ko da yake akwai sutura da kiɗa da taron jama'a, wanda iska ta hau, a wurin masu imani da abin, ba kwaikwayon Ɗan Galadima ko Sarkin Rafi yake yi ba, iskar ce da kanta ta sauka.

Yawancin ɗaliban Hausa sun fi karkata ga ra'ayin Enekwe, kuma ana iya gane dalili, domin babu mai son a ce kakanninsa ba su san wasa ba sai da Bature ya zo. Amma kishi ba ya warware matsalar. Hausawa da kansu sun rarrabe tsakanin abubuwan nan tun kafin masana su yi musu a kai. Yaran da suke tashe a watan azumi, daga goma ga wata, sun san kwaikwayo suke yi, mutanen gida ma sun sani. Yaron da ya manna auduga a haɓa ya zama tsoho, ko wanda ya rataya tarkace ya zama Jatau mai magani, idan aka ba shi sadaka zai cire kayan ya koma yaro. Haka wasan gauta na fada, inda matan gidan sarki suke kwaikwayon sarki da hakimansa. Wannan duka kwaikwayo ne na gaske, kuma akwai gyaran hali a ciki, kamar yadda tashen gwauro na Nalako a Kano yake tsokanar namijin da ya zauna babu mata. Amma babu Bahaushen da zai kira girka wasan yara. Saurayin Uhola ya fi kusa da ɗan bori ta wannan fuska, duk da cewa babu iskar da ta hau shi: ba ya kwaikwayon wanda ya gama Golmo, shi ne ya gama. Idan aka tashi daga fili ba zai tuɓe matsayin ya ajiye ba, da shi zai tafi gida ya karɓi matarsa.

Saboda haka ya fi dacewa a bar jayayyar suna, a dubi matsayin taron jama'a. A wasan kwaikwayo jama'a 'yan kallo ne, sun san abin da ke gabansu ƙage ne, kuma wannan sanin shi ne yake ba su damar yin dariya ko tausayi ba tare da wani nauyi ya hau kansu ba. A Uhola jama'a masu shaida ne, abin da suka gani yana da hukunci a rayuwarsu ta gobe. Duk marubucin da yake son ya ɗauko tarbiyya da imani daga fili na biyu ya kai su na farko, to, sai ya san abin da zai zuba a gurbin shaidar da ta ɓace a hanya.

Abin da rubutattun wasannin Hausa suka zuba a gurbin

Rubutaccen wasan Hausa a aji aka haife shi. Wasanni shida da R. M. East ya fitar a shekarun 1930 don makarantu aka yi su, Wasan Marafa na Abubakar Tunau kuwa wayar da kai ne a kan tsabta da amfanin ilmin zamani. Wannan asali ya bar tabo, domin tun daga nan aka saba da cewa wasa yana da darasi, kuma dole darasin ya fito fili yadda malami zai iya tambayar sa a jarrabawa.

Shu'aibu Maƙarfi, wanda wasanninsa suka fara fita ta rediyo kafin a buga su, shi ne ya fi kowa gwanintar wannan hanya. A Jatau Na Kyallu (1960) attajiri ne ya auri karuwa, ya wulaƙanta iyalinsa saboda ita, dukiya ta watse. A Uwar Gulma na Mohammed Sada, Hayatu ne yake gallaza wa matarsa Halima har magana ta kai gaban alƙali. A Kulɓa Na Ɓarna (1979) na Umaru Ɗanjuma Katsina, mai kuɗi ne yake lalata rayuwar 'yar makaranta. Duk waɗannan wasanni a kan aure da abin da yake kewaye da shi suke, watau daidai wurin da Golmo yake aiki, shi ya sa kwatancin yake da amfani.

Abin da ya bayyana shi ne cewa marubutan sun zuba sakayya a gurbin shaida. Tun da ɗan kallo bai san Jatau ba, bai kuma yi shekaru yana ganin halinsa ba, sai marubuci ya nuna masa laifi a farkon wasa, ya nuna masa hukunci a ƙarshe, talauci ko saki ko kunya a gaban shari'a. Hanyar tana aiki, kuma Maƙarfi ya iya sa wa mutanensa magana a baki wadda duk wanda ya zauna a birni zai gane ta, habaici da baƙar magana da kirarin kai. Amma tana da aibi guda babba. Tarbiyyar da ake koyarwa ta hanyar faɗuwar mugu ba ta nuna yadda nagari yake zama nagari. Mutanen kirki a waɗannan wasanni, uwargidan da aka wulaƙanta ko aminin da yake ba da shawara, da kirkinsu suke shigowa dandamali, da shi kuma suke fita, ba a ga abin da ya ci musu ba. Mai karatu ɗan Rikoto, wanda ya ji daga bakin tsofaffi cewa mutunci abu ne da ake nomawa damuna bayan damuna, yana da haƙƙin ya tambaya ina shekara bakwai ɗin suke a cikin littafin.

Batun imani ya fi wannan wuya. Addinin Musulunci yana ko'ina a cikin wasannin, a gaisuwa da rantsuwa da addu'a da kotun alƙali, amma galibi a matsayin doka da ladabin zaman jama'a. Da wuya a ga mutum shi kaɗai yana kokawa da abin da ya yi imani da shi. Wanda ya ɗan kauce wa wannan shi ne Shaihu Umar, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasa a 1975 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda tawakkali da yarda da ƙaddara suke ɗauke da labarin tun daga bauta har zuwa malanta. Imanin gargajiya kuwa, idan ya sami shiga wasan Hausa, a rubuce ko a talabijin ko a finafinan Kano na baya-bayan nan, yawanci ta ƙofar baya yake shigowa: boka mai jan ƙyalle da ƙaho, wanda ko dai macuci ne ko abin dariya. Ba a cewa marubuci Musulmi ya yi wa tsafi talla. Abin da ake cewa shi ne, mutumin da aka zana domin a yi masa dariya kawai ba ya bayyana dalilin da ya sa mace mai hankali take zuwa wurinsa da dare, kuma wasan da bai bayyana wannan ba bai taɓa matsalar da ya ce yana yaƙa ba. A ƙagaggen labari an fi ƙarfin hali, domin Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare (1982) ya shiga rayuwar Maguzawa da idon da bai tsaya ga ba'a ba.

Darasi daga Oyo

Akwai wasa ɗaya daga kudancin ƙasar nan da ya fuskanci wannan matsala gaba da gaba, watau wanda Wole Soyinka ya buga a 1975 a kan mutuwar Elesin, bisa wani abu da ya faru a Oyo a 1946. Al'ada ta wajabta wa Elesin ya bi Alafin zuwa lahira, jami'in mulkin mallaka ya hana, ɗansa Olunde, wanda ya je karatun likita a Ingila, ya mutu a madadinsa. Duro Ladipo ya riga shi sarrafa labarin da Yarabanci a Oba Waja.

Abin lura a nan shi ne dabarar Soyinka. Bai roƙi ɗan kallo ya yarda da addinin Yarabawa ba. Ya gina kasuwa a kan dandamali, ya cika ta da mata ƙarƙashin Iyaloja, ya mai da su masu shaida a cikin wasan, su ne suka yi wa Elesin sutura, suka ba shi amarya, su ne kuma suka dawo suka tuhume shi da ya gaza. Ɗan kallo yana kallon masu shaida, ta idonsu yake jin nauyin abin. Bugu da ƙari, laifin bai tsaya a kan Bature kaɗai ba, domin Elesin da kansa ya san son duniya ya riƙe masa ƙafa. Akwai kuma wata fitowa da ta dace da Zuru ƙwarai. Pilkings da matarsa sun sa tufafin egungun da aka ƙwace, za su je rawar Turawa da su, sai Saje Amusa, wanda Musulmi ne, ya ƙi yi wa maigidansa maganar mutuwa muddin yana cikin wannan shiga. Amusa ba ya bin addinin, amma bai yarda abin ya zama kayan wasa ba. Irin wannan mutum yana da yawa a ƙasar Zuru, inda gida ɗaya yakan ƙunshi Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya, amma har yanzu adabin Hausa bai ba shi wurin da ya dace da shi a dandamali ba.

Uhola a gaban manyan baƙi

A zamanin marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami, Sami Gomo II, wanda ya rasu a 2025, an riƙa shirya Uhola na masarauta baki ɗaya a garin Zuru, tare da baje kolin amfanin gona da gayyatar baƙi daga nesa. Wannan ya ɗaukaka sunan bikin, ya kuma ba matasan da suka tashi a Kaduna ko Abuja ko barikin soja abin da za su dawo gida dominsa. Sai dai ta fuskar wannan nazari, abin da ya faru shi ne an mayar da masu shaida 'yan kallo. Baƙon da ke zaune a rumfa bai san gonar kowa ba. Ƙungiyar da ta fito rawa tana nuna yadda ake yi ne, kuma a daidai wannan lokaci Uhola ya zama kwaikwayo na sosai, abin da Echeruo ya ce biki bai kai ba. Ya kai, amma da tsada, domin abin da ya rage a fili shi ne sutura da kiɗa. Shi kansa Golmo ya ja baya ƙwarai saboda makaranta da aikin albashi da sadakin kuɗi da koyarwar addinan biyu, ga kuma hare-haren 'yan bindiga da suka addabi yankunan Danko/Wasagu da Sakaba, musamman daga 2021, waɗanda suka raba manoma da yawa da gonakinsu.

Ba daidai ba ne kuma a mai da Golmo aljanna. Tsari ne da yake ɗaure yarinya da alkawarin da wasu suka ƙulla tun tana ƙarama, yake kuma ba suruki ƙarfin saurayi na shekaru. Manazarcin da ya yabi haƙurin saurayin ya manta da bakin yarinyar ya yi rabin aiki. A nan ne ma wasan yake, ga wanda zai rubuta: saurayin da ya yi damuna shida sannan aka ɗauke shi soja, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar da ta fitar da hafsoshi irin su Janar Ishaya Bamaiyi, ko yarinyar da ta shiga makaranta ta dawo ta ce ba ta san da alkawarin ba, ko uban da ya karɓi sabon addini alhali ya riga ya ci guminsa na ɗan mutane. A kowanne daga cikin waɗannan babu mugun da za a hukunta a fitowa ta ƙarshe, kowa yana da gaskiyarsa, kuma ƙungiyar abokan Golmo tana nan a shirye ta riƙe matsayin da matan kasuwa suka riƙe a wasan Soyinka. Soyayya Ta Fi Kuɗi na Hadi Abdullahi Alkanci (1982) ya ɗora so a kan sikeli ɗaya da dukiya. A Zuru akwai abu na uku da za a ɗora, watau gumin da aka riga aka zubar, wanda ba a iya mayar wa mai shi yadda ake mayar da sadaki a gaban alƙali.

Sauran magana ita ce ta harshe. Idan aka rubuta irin wannan wasa da C'lela, masu karanta shi kaɗan ne, idan kuma aka rubuta da Hausa, kalmar Golmo ba ta da takwara, domin gayya da aikin gandu da toshi duk ba su ɗauke ta ba, kuma dattijon da zai yi maganar magabata da Hausa dole ya ari kalmomi irin su tsafi da dodo, waɗanda sun riga sun yanke wa abin hukunci kafin ya rufe baki. Aikin da Sashen Wasan Kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya fara a ƙauyukan Zariya a zamanin Michael Etherton da Brian Crow da Salihu Bappa, inda mutanen gari suke tsara wasa a kan matsalarsu su kuma yi shi da bakinsu, ya nuna wata hanya. A fili irin na Rikoto, tsoho zai iya yin maganarsa da C'lela, jikansa ya amsa masa da Hausa, kamar yadda suke yi a gida.